Famfon Da Ke Jan Hannu

A arewacin Jihar Jigawa akwai ƙasar Gumel. Ƙananan hukumomi huɗu ke cikinta, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da riɗi, ba ta da manyan koguna. A da, ruwan sha sai an jawo shi da guga daga rijiya mai zurfi. Yanzu kuwa gidaje da dama cikin garuruwa suna da famfo da tanki, da ɗan injin lantarki mai tura ruwa sama. Wannan sauƙi ne babba. Amma duk gidan da ruwa da wutar lantarki suka zauna tare, sai an yi hattara, gama wani lokaci wutar ta kan bar hanyarta ta bi ta ruwa.

Ga misalin yadda abin kan faru. A ce akwai wani gida a Gumel, da wata yarinya 'yar aji biyar. Ran nan da bazara ta tafi bakin famfo za ta wanke kwanuka, ba takalmi a ƙafarta. Tana kama kan famfo sai ta ji zirr a yatsunta, kamar an soka mata ƙaya. Ta saki, ta ruga wurin uwarta, ta ce, "Inna, famfo ya ja ni!"

Da mai gida ya komo daga kasuwa aka gaya masa. Ya je ya kama famfon, ya murɗa, ya rufe, bai ji kome ba. Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai ba ki son wanke-wanke ne." Kakarta kuma ta ce watakila jijiyar hannu ce ta motsa.

Yarinya ta ce, "Wallahi, Baba, na ji. Jiya ma na ji, amma da aka ɗauke wuta ban ji ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa mai gida ya daina dariya. Ruwa ba ya tsami banza. Ya hana kowa taɓa famfon, ya aika a kira mai gyaran wuta. Kafin ya iso, ya kamata a san abin da ke cikin wayoyin nan, da inda ya fito.

Wutar da ke zuwa Gumel daga nesa ta ke. Waɗansu injunan da ke yin ta ruwa ke juya su, kamar na madatsar Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka gama a 1968, da na Shiroro a kan kogin Kaduna, da aka buɗe a 1990. Waɗansu kuwa da iskar gas su ke aiki, yawancinsu a kudancin Nijeriya. Ƙarfin turawar wuta da bolt a ke auna shi, an kuwa samo kalmar daga sunan wani masani na Italiya, Bolta, wanda ya ƙago batir a 1800. Manyan wayoyi suna kawo wutar Kumbotso, kusa da Kano, da ƙarfin bolt 330,000. Daga nan sai a riƙa rage ta a tiransifoma, mataki mataki: 132,000, sa'an nan 33,000 kamar yadda a ke yi a babbar tashar Gagarawa, har ta iso gida tana bolt 230. Kamfanin KEDCO ke rarraba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ko da ya ke har yanzu tsofaffi da yara "nefa" su ke ce da ita, sunan hukumar da ta riƙe aikin daga 1972 zuwa 2005.

Halin wutar lantarki guda ne wanda ya kamata kowane yaro ya riƙe. Ba ta tafiya sai ta sami hanyar komawa inda ta fito. Don haka a cikin gida a ke sa waya uku. Ta fari ita ce waya mai wuta, rigarta ja ce, ko ruwan ƙasa a sabon wayarin. Ta biyu wayar komawa, baƙa ko shuɗiya. Wuta ta kan zo ta ta fari, ta ratsa fitila ko fanka ta yi aiki, ta koma ta ta biyu. Ta uku ita ce wayar ƙasa, koriya, ko kore da rawaya. Ita ba ta aikin kome sai ranar da abu ya ɓaci. An ɗaura bakinta ɗaya a jikin ƙarfen inji ko firij, ɗayan kuma a wani sandan jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Wanda ya duba fulogi mai ƙafa uku zai ga ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. To, wannan ita ce ta wayar ƙasa. An yi ta da tsawo don ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita.

Ƙasa ta shigo cikin maganar ne don can a gindin tiransifoma an haɗa wayar komawa da ƙasa. Saboda haka ƙasar da a ke takawa ita ma hanya ce ta komawa. In rigar waya mai wuta ta yage, ta taɓa bututun ƙarfe, sai wutar ta tsaya a jikin bututun tana jiran abin da zai sada ta da ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta ƙara. Wanda ya kama famfo yana tsaye a ƙasa, shi ne ya zama gadar.

Wannan shi ya sa tsuntsu kan sauka a kan wayar falwaya, ya yi ta kukansa lafiya lau. Waya ɗaya ya taka, bai taɓa ƙasa ba, wuta ba ta da inda za ta bi ta jikinsa. Shi ya sa kuma mai gida bai ji kome ba. Takalmin roba ke ƙafarsa, hannunsa a bushe, ga kanta irin ta mai aiki. Yarinya kuwa ƙafarta tsirara a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunta sharkaf da ruwan sabulu. Busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai, jiƙaƙƙiya kuwa buɗe mata ƙofa ta ke yi. Yara da mata masu wanke-wanke su suka fi fara jin irin wannan abu, su ne kuma a ke saurin ƙaryatawa. Wannan kuskure ne.

Yawan wutar da ke gudana da amfiya a ke auna shi. In an raba amfiya ɗaya kashi dubu, kowane kashi sunansa miliamfiya. Ƙwan fitila irin na da, mai wat 60, yana jan wajen miliamfiya 260. Mutum kan fara jin zirr tun daga miliamfiya ɗaya tak. In ta kai wajen 10, tsokar hannu ta kan ƙage, mutum ya so sakin ƙarfe ya kasa. In ta wuce 30 ta ɗan jima, tana iya tsai da numfashi, ta rikita bugun zuciya. Ashe abin da bai isa kunna fitila ɗaya ba ya isa kashe ƙato. Fiyus ɗin da ke cikin fulogi kuwa yawanci na amfiya 13 ne, watau miliamfiya 13,000. Aikinsa ya tsare waya kada ta yi zafi ta ƙone gida. Wutar da ke bin jikin mutum ta yi masa kaɗan, ba ya ko sanin tana wucewa.

Da la'asar mai gyaran wuta ya iso da 'yar jakarsa. Bai fara da kwance kome ba, sai ya zauna ya tambayi yarinya. Ya ce, "'Yata, sau ɗaya ya tsunkule ki ya daina, ko kuwa duk sa'ad da kika taɓa sai ki ji?"

Ta ce, "Duk sa'ad da na taɓa, Malam, in dai akwai wuta."

Tambayar nan tana da dalili. Da hunturu, in iska ta bushe, mutum kan taɓa ƙofar mota ko ya yaye bargo ya ji tas, har ya ga ɗan tartsatsi cikin duhu. Wannan wuta ce da ta taru a jikinsa saboda gugar tufa, sau ɗaya ta ke fita ta ƙare, ba ta cuta. Ta famfo kuwa ba ta ƙarewa, gama daga waya ta ke ɓulɓulowa. Masunta na kogin Haɗeja sun san irin wannan ja a wurin minjirya, kifin nan da Allah ya halitta da tasa wutar.

Mai gyara ya fito da testa, watau ɗan sukudireban nan mai ƙaramar fitila a ciki. Ya ɗora a kan famfo, ta yi ja. Mai gida ya ce, "Shi ke nan, an gano." Mai gyara ya ce, "Tukuna, Alhaji. Testa ta kan yi ƙarya. Wani lokaci ta kama don wuta 'yar kaɗan wadda ba ta da ƙarfin kome, wani lokaci kuma ta ƙi kamawa, alhali akwai mutuwa a wurin." Sai ya kafa wani ƙarfe a ƙasa nesa da ɗaki, ya zuba masa ruwa. Ya ɗauko mitar awo mai igiya biyu, ya sa ɗaya a ƙarfen, ɗaya a kan famfo. Mita ta nuna bolt 90. Famfo lafiyayye bai kamata ya nuna kome ba. Masana sun ce abin da ya wuce bolt 50 hatsari ne ko a busasshen wuri, a jiƙaƙƙe kuwa rabin haka ma ya isa.

Yanzu an tabbata akwai wuta, saura a san ta inda ta shigo. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce, irin ta makiyayi ce in yana neman wadda ke ɓarna cikin garkensa: ya tare su duka, sa'an nan ya riƙa sakinsu ɗaya ɗaya. Ya je wurin babban makunni, kusa da mitar gida, ya kashe wutar gidan ɗungum. Ya komo ya duba, mita ta faɗi ba kome. Ya ce, "Ɓarawon na cikin gida ne." Sa'an nan ya buɗe akwatin bireka. A ciki kowane sashe na gida yana da nasa makunni: na fitilu daban, na soket daban, na injin ruwa daban. Ya kashe su duka, ya mai da babban. Ya kunna na fitilu, ya sa mai gida ya karanta masa mita daga nesa. Ba kome. Ya kunna na soket ɗin ɗakuna, ba kome. Yana ɗaga na injin ruwa sai mai gida ya ce, "Ga ta nan, ta komo casa'in!"

Ya sake kashe wuta, ya auna ya tabbata ta mutu, kana ya buɗe murfin inji. Inda waya ta shiga jikin injin, girgiza ta daɗe tana goga ta a bakin ƙarfe, zafin rana kuma ya busar da robar har ta tsage. Tsatsa da danshi sun taru a wurin. Ta nan wuta ke yoyo kaɗan kaɗan zuwa gangar jikin inji, daga inji ta hau bututun ƙarfe, daga bututu ta iso famfo. Ya ce, "Yau yoyo ta ke yi, shi ya sa yarinya ta tsira. Da an bari ruwan Yuni ya sauka a nan, 230 za ta zo cif."

Mai gida ya yi shiru, don a gindin famfon nan a ke yi wa autansa wanka kowace safiya. Can ya ce, "Amma ai ba kullum mu ke kunna injin ba. Yaya a ke yi famfo ya ja, alhali inji na kashe?"

Mai gyara ya kwance makunnin inji na jikin bango, ya duba, ya girgiza kai. Wanda ya yi aikin tun farko a kan wayar komawa ya ɗora makunnin, ba a kan mai wuta ba. In an kashe, inji ya kan tsaya, sai a zaci wuta ta tafi, alhali tana nan cikin injin dare da rana. Aikin wani saurayi ne da ya yi 'yan watanni wurin koyo ya gudu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da sauran abu ɗaya. Ina wayar ƙasa, wadda aka yi domin irin wannan rana? Suka bi ta har bayan ɗaki, suka tona. Sandan gajere ne, bai kai kamu biyu ba, maɗaurinsa ya yi tsatsa, rairayin da ke kewaye da shi kuwa ya bushe ƙurmus kamar gari. A nan ne ƙasar Gumel ta ke da wuya ga masu wannan sana'a. Kalmar jigawa kanta ma'anarta tudun rairayi. Laka mai danshi, irin ta fadama, tana karɓar wuta da sauƙi, busasshen rairayi kuwa da ƙyar. Daga Oktoba har zuwa Mayu da wuya a ga ruwan sama, ƙasa ta yi ta bushewa tana yin ƙasa. Sandan da ya yi aiki da damina ya kan zama na banza da bazara. Don haka a ke son dogon sanda, ko biyu ko uku a haɗe, a wuri mai laima. Masu gyara da yawa kan zuba gawayi da gishiri a ramin don su riƙe danshi. Yana taimako, sai dai gishiri na cin ƙarfe, tilas a riƙa dubawa. A da, bututun ƙarfe da ke binne cikin ƙasa shi kansa ya kan kwashe wutar da ta ɓace. Yanzu an koma binne na roba, sai guntun ƙarfe ya rage a sama, ba abin da ya haɗa shi da ƙasa. Haka na gidan nan ya ke.

Ba kullum a ke samun ɓarawo cikin gida ba. Da a ce an kashe babban makunni mita ba ta faɗi ba, da sai a duba waje. Watakila bututu ɗaya ya haɗa gidan da na maƙwabci, laifin na can. Watakila janareto ne ko batirin sola da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba. Ko kuwa wayar komawa ce ta tsinke a kan falwaya. Ita wannan tana da alama: fitilun wani ɗaki ko wani gida su yi haske fiye da kima har su fashe, na wani kuwa su dushe kamar aci-bal-bal. In an ga haka sai a kashe babban makunni nan da nan, a sanar da ma'aikatan lantarki. Hawa falwaya aikinsu ne su kaɗai. Sauran masu ɓata waya cikin gida sanannu ne: ɓera a cikin silin, da gara, da ƙusar da aka buga a bango ta huda waya, da bakin kwanon rufi mai kaifi.

Dabbobi sun fi mutum jin wannan wuta. Ran Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, shanu da raƙuma da dawaki kan taru daga Nijeriya da Nijar, a yi ta shayar da su. Saniya ba ta da takalmi, ƙafafunta huɗu cikin taɓo, bakinta cikin ruwa. In makiyayi ya ga dabba mai ƙishirwa ta kai baki kwamin ƙarfe ta zabura ta ja da baya, kuma akwai injin lantarki kusa, kada ya doke ta, ya sa a auna wurin. Manoman Amurka masu shanun madara sun sha wannan wahala: saniya ta rage shan ruwa, nono ya ragu, sai daga baya a gane wuta ce ke yoyo a bututu. A 2011 kuma, a filin sukuwa na garin Niyubari a Ingila, dawaki biyu suka faɗi matattu ana zagayawa da su kafin tsere. Da aka bincika, sai aka tarar wata waya ce da ke binne ƙarƙashin ciyawa ta lalace. Mutanen da ke jan su ba su mutu ba. Doki tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya da nisa, wuta ta kan shiga ta nan ta fita ta can, zuciya kuwa tana tsakani.

Duk wannan bincike aikin wanda ya koya ne. Yaro ba ya auna wuta, ba ya kuma sake taɓa ƙarfe don ya ji ko har yanzu yana ja. Nasa shi ne ya faɗa wa babba, ya hana ƙannensa zuwa wurin, ya kuma tuna lokacin da abin ya faru, kamar yadda yarinyar nan ta tuna. In kuwa ya ga wuta ta riƙe wani, kada ya kama shi da hannu, don za ta haɗa su duka biyu. Ya yi kururuwa, a kashe babban makunni. In makunni na nesa, a tsaya a busasshen wuri a ture mutumin da busasshiyar sanda ko taɓarya. Sa'an nan a kai shi asibiti, ko da ya miƙe ya ce ya warke, gama zuciya ta kan rikice daga baya. Waɗansu kan ce a ba shi madara. Madara ba ta maganin wuta, wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa kome, kada ya shaƙe.

Kashegari mai gyara ya komo da kaya. Ya sa sabuwar waya cikin bututun roba, ya mai da makunni kan waya mai wuta. Ya kafa sanduna biyu dogaye kusa da magudanar ruwan wanka, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, ya ɗaure jikin inji da bututun ƙarfe da koriyar waya. Daga ƙarshe ya sa wata bireka ta musamman a cikin akwati. Ita wannan ƙidaya ta ke yi: tana gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta komo ta wayar komawa. In ta ga miliamfiya 30 sun ɓace a hanya, sai ta yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, ya nuna wa mai gida yadda zai riƙa danna shi lokaci lokaci, ya ga ko tana faɗuwa.

Mai gida ya ce kuɗinta da yawa. Mai gyara ya ce, "Bai kai na tunkiya ba, Alhaji." Mai gida ya biya.

Aka kunna wuta, aka ta da inji, aka sake ɗora mita a kan famfo. Ba ta nuna kome ba. Mai gyara ya tuɓe takalminsa, ya jiƙa hannu, ya kama famfon da kansa a gaban kowa. Sa'an nan ya kira yarinya, ya ce ta zo ta ƙarasa wanke kwanukanta.